Tambayoyinku: Iskar Rijiya, Tukunyar Numfashi da Gemun Ma'aikaci

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan numfashi suke, kuma ban yi mamaki ba. Bazara ta kama, rijiyoyi sun ja baya, ana ta yasa da ƙara zurfi daga Miriya har Magarya, masu mangaza kuma suna fama da ƙwarin wake. Na zaɓi guda biyar. Na taƙaita wasu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni maginin rijiya ne a wajen Miriya, sana'ar gado ce. Kwanan baya muna yasar wata rijiya mai gaba goma sha biyu, ruwa ya fi ƙarfin guga, sai muka saukar da injin jan ruwa mai shan fetur har ƙasa. Ba a jima ba yaron da ke ciki ya daina amsa kira. Wansa ya sauka ya duba, shi ma ya yi shiru. Allah ya sa dukansu da igiya a ƙugu, muka jawo su, suka farfaɗo a asibiti. Mutane na cewa rijiyar tana da mutanen ɓoye. Mai rijiyar ya sayo mana takunkumin roba mai gwangwani biyu a gefe, ya ce da shi ba abin da zai same mu. Mu koma?

Amsa: Ɗana, kada ku koma da wannan takunkumi, ko an ninka muku kuɗin aiki. Ku gode wa Allah, sannan ku gode wa wanda ya koya muku ɗaura igiya a ƙugu, domin ita ce sanadin da ya sa yau kake rubuto mini wasiƙa maimakon zaman makoki biyu a gida ɗaya.

Ban zo yin musu da kowa a kan gaibu ba. Amma abin da ya kayar da yaran nan sananne ne, ana auna shi da na'ura, kuma daga bututun hayaƙin injinku ya fito. Duk injin da ke ƙona fetur yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Saboda haka mutum na numfashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, alhali jininsa ya daina kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. A fili iska tana kwashe gubar. A gindin rijiya ba inda za ta je sai ta taru, ga injin kuma yana cinye ɗan oksijin da ya rage. Da ciwon kai da jiri take farawa, sai tashin zuciya, sai ƙafafu su mutu. Abin da ya fi ban tausayi, sau da yawa mutum ya gane ba lafiya, yana ganin igiya a gabansa, amma ba shi da ƙarfin kama ta.

Yanzu maganar takunkumin. Abin da ke cikin gwangwanayen nan gawayi ne na musamman, aikinsa tace iskar da ke wurin. Kamar rariya yake: tana raba gari da dusa, amma idan ba gari a ƙwarya ba za ta ba ka ko cikin cokali ba. Kowane gwangwani kuma da gubar da aka yi shi dominta, za ka gane ta launin zaren da ke jikinsa. Ruwan ƙasa mai harafin A na tururin fenti da makamantansa ne. Ruwan toka mai B na kulorin da iskar ruɓaɓɓen ƙwai. Rawaya mai E na tururin asid, kore mai K na amoniya, fari mai P na ƙura. Duk cikin waɗannan babu mai tare kabon monoksaid, kuma babu mai ƙara maka oksijin. Da yaron nan yana sanye da shi ran nan, faɗuwar da ya yi ita zai yi, sai ma ya fi daɗewa a ƙasa don yana ganin ya tsira.

Iskar da muke shaƙa a waje kusan kashi 21 cikin 100 oksijin ce. Ƙa'idar aiki ita ce in ta sauka ƙasa da 19.5 ba a shiga da takunkumin tacewa ko wane iri ne. Wajen kashi 10 mutum na sumewa, wajen kashi 6 rai na fita cikin mintoci kaɗan. Rijiyar da ta daɗe a rufe tana iya kaiwa nan ko ba inji, domin ganye da itacen da suka faɗa suna ruɓewa, ƙarfe yana tsatsa, duka suna cin oksijin, iskar kabon dayoksaid kuma ta fi iskarmu nauyi, sai ta kwanta a ƙasa.

Na san za ka ce kakanninku fitila suke saukarwa kafin su shiga. Hikima ce, ba na raina ta, domin wutar fitila tana mutuwa idan oksijin ya sauka wajen kashi 16. Sai dai fitila za ta ci gaba da ci lafiya lau a cikin kabon monoksaid da ya isa kashe mutum. A ramin salga ko tankin mai kuwa, fitilar ce za ta tayar da gobara. Abin da ya maye gurbinta ƴar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba, tana auna abu huɗu: oksijin, kabon monoksaid, iskar ruɓaɓɓen ƙwai, da iska mai kamawa da wuta. Ana ɗaura ta a igiya a auna sama, tsakiya da ƙasa, a ɗan dakata a kowane mataki. Tana da tsada ga mutum ɗaya, amma maginan rijiya na gari guda za su iya yin karo-karo su mallaki ɗaya, kuma ina roƙon ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar rijiyoyi a jihar nan su sa ta cikin kayan aiki.

Na kuma san dalilin da ya sa kuka saukar da injin. Injin da ke bakin rijiya ba ya iya tsotso ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, taku kuwa ta kusa mita 20. Maganinsa famfo mai aiki da lantarki wanda ake nutsarwa cikin ruwa. Injin wutar ya zauna a sama, nesa da bakin rijiya, ta gefen da iska ke kaɗa hayaƙin ta tafi da shi. Kafin mutum ya sauka a hura iska ƙasa da fanka mai dogon tiyo, kuma kada a kashe ta sai ya fito.

Sai batun wan yaron, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. A shekarar 1986 hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta fitar da gargaɗi cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare matsattsu, masu shiga ceto ne. A shekarun da na yi ina aikin kwana-kwana abin da idona ya gani bai saɓa wa wannan ba. Ba wauta ke saukar da su ba, zumunci ne. Wa zai ji ƙanensa ya yi shiru ya tsaya? Shi ya sa dole a yanke shawarar tun kafin a fara aiki, a gaban kowa: wanda ya sauka yana ɗaure, igiyar ta zagaya ƙirji da cinyoyi yadda zai fito a miƙe, mutum biyu masu ƙarfi suna bakin rijiya ba sa matsawa, ana kiran sunansa a kai a kai, ya yi shiru, a ja. Ba mai sauka. A kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, nan take.

Tambaya: Malam, na samu aiki da wani kamfani da ke harkar mai. A wurin horo an ce sai na aske gemu kafin a ba ni abin rufe fuska. Tun ina makarantar allo na ƙudurta ba zan taɓa shi ba. Gaskiya ne gemu na hana shi aiki, ko dai tsarin Turawa ne kawai?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sanya albarka a aikin. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamba na 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, samarinmu da yawa suka shiga harkar mai, kuma wannan tambaya ta sha zuwa gabana a ɗakin horo.

Gaskiya ne. Abin rufe fuska yana aiki ne idan leɓen robarsa ya manne da fata tun daga goshi, ta kumatu, har ƙarƙashin haɓa. Gashi ya shiga tsakani, ƙofa ta buɗe. Ba sai doguwar ƙasumba ba, tsiron kwana biyu ma ya isa. In mai tacewa ne, guba za ta bi ta nan ta shiga duk lokacin da ka ja numfashi, domin iska hanya mafi sauƙi take bi. In mai tukunyar iska ne, iskarka ce za ta riƙa zurarewa waje, tukunyar ta ƙare tun kana tsakiyar aiki. Ƙafar tabarau ma haka take yi, shi ya sa ake yin gilashi na musamman da ake maƙalawa a ciki. Ka gwada da kanka: sa abin, toshe mashigar iska da tafin hannu, ja numfashi ka riƙe. In ya manne da fuskarka ya tsaya, ya kama. In ka ji sanyin iska na bin gefen kumatu, ka samu amsarka.

Hukuncin addini ba fagena ba ne, malamai na nan a Birni da Zango, ka kai musu maganar, ka bayyana musu cewa batun rai ne. Abin da zan iya faɗa maka shi ne ba kowane aiki ke buƙatar aski ba. Akwai hular da ke rufe kai gaba ɗaya, mai ƴar fanka da batir a ƙugu tana turo iskar da aka tace. Wannan ba ruwanta da gemu, amma ta wurin da oksijin yake isasshe ce kawai. Hular gudun tsira, wadda zan yi bayaninta a ƙasa, a wuyan mutum take kamawa, mai gemu na iya sa ta. Wasu kuma suna rage gemun ya tsaya a kan haɓa, cikin da'irar robar, in bai taɓa leɓenta ba kuma bai toshe mafitar numfashi ba. Wannan sai an gwada a fuskarka an tabbatar.

Inda ba sassauci shi ne rukunin masu shiga ceto da masu shiga tanki. In gemunka ya fi maka wannan matsayi, ka faɗa wa shugabanka a fili ka nemi wani sashe, ba abin kunya ba ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne ka karɓi kayan, ka matse madauri a kan gashi, ka bar abokin aikinka yana zaton in ya faɗi kai ne za ka ɗauko shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ke riƙe da mabuɗin mangazar kayan kariya a wani kamfani nan Damagaram. Na gaji kaya iri biyu: manyan tukwanen iska guda huɗu da ake goyawa a baya, da wasu ƙananan jakunkuna da aka rubuta minti 15 a jikinsu. Duk suna cikin kwantena a tsakar rana, ba wata takarda tare da su. Shugabana ya ce tunda ba a taɓa amfani da su ba, sababbi ne. Allurar ma'aunin iskar tukunya ɗaya ta sauka, wani ya ce mu kai wa mai walda ya cika ta da oksijin. Ina zan fara?

Amsa: Ka fara da fitar da su daga kwantenar nan yau, kafin ka ƙarasa karanta amsata. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram na haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe kuwa ya wuce haka nesa. Roba ba ta jure wannan. Tana bushewa, ta yi tauri, ta tsattsage, ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ƴan ƙofofin numfashi ta hana su rufuwa. Wurinsu ɗaki mai inuwa, cikin akwati ko leda, nesa da fetur, man inji da batir, kuma kusa da inda haɗarin yake. Kayan ceto da ke bayan kwaɗo, mabuɗin yana aljihun wanda ya tafi sallar Juma'a, ba su da amfani ga kowa. Ka gaya wa shugabanka, cikin ladabi, cewa shekaru ke tsufar da waɗannan kaya.

Sannan ka rarrabe su, domin rikita su na kashe mutane. Ƙaramar jakar ta fita ce kawai. A cikinta akwai hula da ƴar tukunya; ka buɗe, iska ta fara zuba, ka sa hular a kai, ka nufi ƙofa ta gefen da iska ke busowa. Da zarar ta fara zuba ba ta jiran kowa, minti 10 ko 15 ne ta ƙare. Ba a shiga da ita neman wani, ba a kashe gobara da ita, ba a cewa bari in koma in rufe famfo. Wurinta jikin ma'aikaci ko bangon da yake aiki a gabansa.

Babbar ita ce ta shiga. Abin da ke cikinta iska ce irin wadda muke shaƙa, an matse ta. Tukunya mai lita 6 a kan bar 300 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana ɗauke da iska wajen lita 1,800 a lissafi. Mai aiki matsakaici na shan lita 40 a minti, ka ga minti 45 ke nan a takarda. Amma mutumin da ke ɗauke da kaya mai nauyin kilo goma sha wani abu, yana hawa tsani cikin zafinmu, gabansa na faɗuwa, yana jan wani a ƙasa, zai iya shanye ta ƙasa da minti 20. Akwai usur da ke kuka idan allura ta sauko wajen bar 55. Abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum: usur ɗin ya same ka a bakin ƙofa. Ana shiga mutum biyu, na uku yana waje da agogo da takarda, ya rubuta lokacin shigar kowa da abin da allurarsa ta nuna.

Dubawa kuwa aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma bayan kowane amfani. Ka buɗe tukunya a hankali ka karanta allura. In ta sauka ƙasa da kashi 90 cikin 100 na cikarta, wato bar 270 ga mai 300, ko 180 ga mai 200, ta tafi ciko. Ka rufe tukunyar ka zuba wa allura ido minti ɗaya: in ta faɗi fiye da bar 10, akwai yoyo, kuma sau da yawa ɗan zoben robar da ke bakin tukunya ne ya mutu. Sai ka saki iskar da ke cikin tiyo kaɗan-kaɗan ka ji ko usur zai yi kuka a inda ya kamata. Ka ɗauki abin rufe fuskar ka ja robarsa a gaban haske, ka duba tsaga, ka duba madauri, ka duba gilashi, ka duba ƴar fatar da numfashi ke fita ta cikinta ko ta naɗe ko yashi ya maƙale. Ƙananan jakunkunan ba a buɗe su. Akwai ƴar taga da za ka ga allura ko tana kan kore, da hatimin da ke nuna ba a taɓa su ba. Wanda ya faɗi jarrabawa ka rataya masa jan ƙyalle ka raba shi da sauran. Ka sayi littafi, kowane kaya da shafinsa: lambarsa, ranar dubawa, abin da allura ta nuna, sa hannunka. Ranar da abu ya faru, littafin nan ne zai tsaya maka.

Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da shanya a kan mota.

Maganar mai walda kuwa, wanda ya ba ka shawarar nan bai san abin da yake faɗa ba. Tsantsar oksijin in ta haɗu da ɗigon maiko a ƙarƙashin matsi irin wannan, wuta take kamawa, kayan kuma ba don ita aka ƙera su ba. Injin mai facin taya shi ma a'a: ƙarfinsa bai kai ko kusa ba, iskarsa kuma cike take da tururin mai. Ana cika su ne da injin iskar numfashi mai matatai, wanda ke jan iska daga wuri mai tsabta, nesa da hayaƙin mota ko injin wuta. Ma'aunin Turai na EN 12021 bai yarda kabon monoksaid ya wuce kashi 5 cikin miliyan a iskar tukunya ba. Ka nemi wanda ya sayar muku da kayan, ko ka je barikin ƴan kwana-kwana su nuna maka inda ake cikawa. Ka kuma duba wuyan tukunya ko takardar da ke manne da ita, akwai ranar da aka ƙera ta da ranar gwajin ƙarfinta na ƙarshe. A ƙasashe da yawa duk shekara 5 ake wannan gwaji, kuma da yawa daga tukwane marasa nauyi da aka naɗe da zare an yanke musu shekara 15. Wadda wa'adinta ya wuce, ko ta yi tsatsa mai zurfi, ko ta lotsa, ba a cika ta.

Abu na ƙarshe, wa ya iya sa su a kamfaninku? Na ga ƙato majiyi ƙarfi ya fizge abin daga fuskarsa cikin ɗakin horo saboda ƙunci, ba hayaƙi ba komai. Gara wannan ya faru a horo. A zaɓi mutane, likita ya duba zuciyarsu da huhunsu, su riƙa sawa suna tafiya da hawa har hannunsu ya saba ko a duhu. Dokar aiki ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, a wuyan mai kamfani ta ɗora kare rai da lafiyar ma'aikaci. In ka rubuta buƙata an yi shiru, ofishin sufeton aiki da na CNSS, asusun kula da walwalar ma'aikata, suna nan cikin gari.

Tambaya: Malam, ni ƴar kasuwa ce, ina sayen wake da kaka in ajiye. Yarana na sa ƙwayar Phostoxin cikin buhuna, suna ɗaura rawani a hanci. Ɗakin ajiyar bango ɗaya ne da ɗakin da jikokina ke kwana. Akwai takunkumin da zan saya musu?

Amsa: Hajiya, kafin takunkumi, ki raba jikokinki da bangon nan daren yau. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin da zarar ta sha danshin iska. Wannan iska tana bin tsagar bango, ƙarƙashin ƙofa da saman rufi, kuma yara ta fi saurin kayarwa. Ba ta da makari. A asibiti taimakon numfashi da zuciya kawai ake yi har jiki ya fitar da ita. Amai, ciwon ciki da ƙuncin ƙirji da dare a gidan da aka sa maganin, kada a ce abinci ne, a fita da kowa a nufi asibiti da gwangwanin maganin a hannu.

Rawani, ko an jiƙa shi, ƙura kawai yake tarewa. Takunkumin kyamis ma haka. Wannan magani na waɗanda aka horar ne, a mangazar da ba ta haɗe da gidan kwana, a rufe ta tsawon kwanakin da takardarsa ta faɗa, a buɗe ta sha iska kafin kowa ya shiga. Tokar da ta rage ma tana iya ci gaba da sakin guba, ba a barin ta inda yara da awaki suke. Ma'aikatan kare tsirrai na ofishin noma su ne masu wannan aiki.

Ni dai da za ki ji tawa, ki koma buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi, masu binciken noma na cibiyar INRAN da ke Maraɗi suka yi aiki a kansa. In wake ya bushe sosai, aka matse iska aka ɗaure kowane riɓi daban, ƙwarin da kansu suke cinye oksijin ɗin ciki su mutu. Ba ƙwaya, ba takunkumi, kuma buhun na sake amfani muddin ledar ba ta huje ba.

Tambaya: Baba, kwasar salga nake yi. Wani lokaci in mun buɗe rami wari ya buge mu, can kuma sai ya ɓace, mu ce iskar ta fita mu shiga. In wani ya ji jiri madara muke ba shi. Daidai ne?

Amsa: Ɗana, sana'arka tana tsare lafiyar gari, kuma ɓacewar warin nan ita ce abin da nake so ka fi tsoro. Iskar ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ake kira haidurojin salfaid, hanci na jin ta tun tana ƴar mitsitsiya. In ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya zaci ta tafi. In ta kai 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da mutum. Ta fi iska nauyi, tana kwance a ƙasan rami, kuma tana ɓoye cikin ƙazantar: ramin da ya yi lafiya da safe na iya tashi da zarar shebur ya motsa shi. Ku yi aikin daga sama da dogon mariƙi ko tiyo iyakar iyawarku. In shiga ta zama dole, duk abin da na gaya wa maginin rijiya ya hau kanku: awo, fanka, igiya, masu tsaro a baki. Ban da sigari, ban da ashana.

Madara ba ta wanke huhu, ciki take tafiya. In mutum ya suma aka ɗura masa, tana iya sarƙe shi ta kashe shi. Ku jawo shi da igiya zuwa fili, ta gefen da iska ke busowa, ku kwance masa wuya, wani ya kira 18 ko 15, lambar agajin gaggawa na asibiti. In yana numfashi ku kwantar da shi a gefensa. In ba ya yi, kada ku jira mota, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6: ku ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa ku riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, kuna karɓar juna har taimako ya iso. Ko ya farka ya ce ya warke, ku kai shi asibiti, domin ruwa na iya taruwa a huhunsa bayan awoyi, kuma ku gaya wa likita irin ramin da aka ciro shi da tsawon lokacin da ya yi a ciki.